Yaɓe Kan Yaɓe: Sunayen Ƙauyukan Ingila

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san bangon da ido ke gani ba shi ne bangon da aka gina ba. Magini ya jera tubali tun zamanin kakanni, aka yaɓe, damina ta zo ta ci rabonta, da rani ya kama aka kwaɓa ƙasa aka sake yaɓewa. Wani magidancin ya sa makuba, ɗansa ya shafa farar ƙasa, jikansa da ya sami abin hannu ya kawo siminti ya rufe duka. Sai ranar da wani wuri ya ɓantare a gindin indararo kake ganin aikin hannuwan nan a jere, ja a ƙarƙashin fari, baƙi a ƙarƙashin ja, can ciki kuma ga tubalin farko da ciyawar da aka cuɗa shi da ita. Magini mai ido yana iya duban ɓantaren nan ya gaya maka daga wane kududdufi aka ɗebo ƙasar.

Haka sunayen ƙauyukan Ingila suke. Abin da ke rubuce a allon bakin hanya yaɓen ƙarshe ne, kuma wanda ya karanta shi ya ce ya san ma'anar sunan, sau da yawa ya yi ɓatan kai. A gundumar Gloucestershire akwai ƙauyuka biyu maƙwabta, Upper Slaughter da Lower Slaughter. A Turancin yau kalmar tana nufin yanka ko kisan gilla, har baƙo ya zaci an taɓa malalar da jini a wurin. Sunan ba shi da haɗi da jini. A rubutun shekarar 1086 Sclostre ne, daga wata tsohuwar kalma mai nufin wuri mai taɓo, kuma har gobe wani ɗan rafi yana ratsa ƙauyukan biyu. Ugley na gundumar Essex kunne yana jin sa kamar an ce mummuna, amma a 1086 an rubuta shi Ugghelea, wato filin da wani mutum mai suna Ugga ya mallaka a cikin daji. Great Snoring na Norfolk ba garin masu minshari ba ne, mazaunin jama'ar wani Snear ne. Shi ya sa masanan wannan fanni suka kafa wa kansu doka guda mai tsauri: ba a faɗar ma'anar suna sai an tattaro tsofaffin rubuce-rubucensa, an jera su shekara bayan shekara, an ga yadda wannan ya haifi wancan.

Babban ɓantaren da ake leƙa cikin bangon ta wurinsa shi ne kundin da ake kira Domesday Book. Sarki Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066. A ƙarshen 1085 ya ba da umarni a zaga ƙasar a rubuta masa wa ke riƙe da wace gona, garma nawa ke aiki a cikinta, injin niƙa nawa, aladu nawa dajin zai iya ciyarwa, nawa kuma wurin ke kawowa. Haraji yake nema, ba tarihi ba. Amma aikin da aka yi a 1086 ya bar sunayen wurare 13,418, kuma ga dubban ƙauyuka wannan ne karo na farko da alƙalami ya taɓa sunansu. Kundin yana nan a ma'ajiyar tarihin ƙasa da ke Kew a Landan. Daga shi ake iya tonawa ƙasa zuwa abin da ya riga shi, a kuma hauro sama zuwa allon yau.

Idan aka tona har harsashi, za a tarar da harshen mutanen da ke tsibirin tun kafin zuwan Rumawa, kakan harshen da ake yi a Wales yanzu. Kaɗan ne ya rage a sunayen ƙauyuka, amma ya maƙale a koguna da tuddai. Koguna da dama a Ingila sunansu Avon, kalmar kuwa kogi kawai take nufi a wancan harshe. Baƙi sun zo sun ji mutanen ƙasa suna kiran ruwan haka, suka ɗauka sunansa ke nan. Ƙauyen Bredon a Worcestershire ya fi nuna yadda ake yaɓe kan yaɓe. Bre tudu ne a harshen mutanen farko. Waɗanda suka biyo baya ba su gane ba, suka ƙara dun, tudu a nasu harshen. Da wannan ma ta dushe, aka ƙara kalmar tudu ta Turancin yau, wurin ya zama Bredon Hill. Tudu sau uku, kowane daga bakin mutanen wani zamani. Rumawa sun yi mulki daga shekara ta 43 zuwa wajen 410, amma abin da suka bari a sunaye bai taka kara ya karya ba, in ban da kalmarsu ta sansanin soja da ta zama chester ko caster ko cester a ƙarshen sunayen garuruwa.

Tubalin ginin kam na ƙabilun Angul da Sakson ne, waɗanda suka ƙetaro daga arewacin Jamus da kudancin Denmak daga ƙarni na 5. Mafi yawan sunayen ƙauyukan Ingila daga bakinsu suka fito, kuma abin da ke burge ni a nan shi ne ba fada ce ta raɗa su ba. Manoma ne da makiyaya ke kwatanta wa juna wuri. Tun gona ce mai shinge da gidajenta, ita ce ta zama ton. Ham mazauni ne, leah fili a cikin daji, ford mashigin kogi, wic gonar da aka ware wa wata sana'a. Barton gonar sha'ir ce, Shipton gonar tumaki, Swindon tudun aladu, Oxford mashigin shanu. Gatwick da jiragen sama ke sauka a yau, gonar awaki ce. Newton kuwa, da ke birjik a ko'ina, Sabon Gari ne na zamaninsa, ko da sabuntar tasa ta haura shekara dubu. A cikin tubalin nan akwai sunayen mutanen da babu littafin tarihin da ya ambace su. Birmingham mazaunin jama'ar wani Beorma ne, a 1086 kuma ɗan ƙauye ne da aka rubuta Bermingeham, aka yi masa ƙimar sule 20. Akwai mata ma. Kenilworth shingen wata mace ce mai suna Cynehild, duk da a kundin Wiliyam sunan ya tsuke ya koma Chinewrde. Babu wanda ya san fuskarta, amma duk mai sayen tikitin zuwa garin yana kiran sunanta.

Wata masaniya, Margaret Gelling, wadda ta rasu a 2009, ta ƙara buɗe idon mutane a kan wannan tubali. Kafin ita ana ɗaukar kalmomin tudu da kwari da ke cikin sunayen a matsayin abu ɗaya da aka faɗa ta hanyoyi daban-daban. Ita da abokiyar aikinta Ann Cole suka riƙa zuwa wuraren da ƙafarsu suna duba siffar ƙasar, suka gano kowace kalma da irin tudun da take nufi. Dun tudu ne marar tsayi mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda za a iya kafa gari a bisansa. Hoh, wadda asalinta dunduniya ce, tudu ne mai siffar ƙafar mutumin da ya kwanta rub da ciki, kamar wanda ke kusa da ƙauyen Ivinghoe. Denu dogon kwari ne, cumb kuwa gajere mai zurfi. Ke nan matafiyi na wancan zamani da ba shi da taswira, sunan ƙauyen da aka faɗa masa ya ishe shi ya gane wurin in ya hango shi. Mutanen da ake ɗauka jahilai ne ashe sun san ƙasarsu da dalla-dallar da jikokinsu masu karatu suka rasa.

A ƙarni na 9 aka ƙara ɗaki a gidan, da ƙasar wani kududdufin. Mayaƙan jiragen ruwa da ake kira Viking, yawancinsu daga Denmak, suka sauka da babbar runduna a 865, suka ci York a 866, daga 876 kuma suka fara raba gonaki suna zama. Duba taswirar Yorkshire da Lincolnshire da Leicestershire, za ka ga sunaye masu ƙarewa da by da thorpe sun cika ta, ka gangaro kudu maso yamma ka neme su ka rasa. By ƙauye ne a harshensu, thorpe ƙaramin ƙauyen da ya ɓalle daga babba. Wani wurin suka sake masa suna ɗungurum, kamar Derby da a da ake kira Northworthy. Wani wurin kuma harshensu ne kawai ya lanƙwasa sunan da suka tarar. Gonar tumaki da ke Shipton a kudu ta zama Skipton a arewa, gonar cuku da ke Chiswick a Landan ta zama Keswick a can, domin bakin baƙin bai saba da sh da ch ba. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Ingleby, ƙauyen Ingilawa. A cikin ƙasar Ingila, sai ga yankin da ɗan ƙasa ya zama shi ne abin nunawa, har aka raɗa wa ƙauyensa suna da ƙabilarsa.

A bangon sunayen nan mutanen Normandi ba su yi gini da yawa ba, amma su ne manyan masu yaɓe. Sun zo a matsayin sarakuna da fadawa da shugabannin coci, suna magana da Faransanci, ana yi musu rubutu da Latin. Tsohon Turanci yana da haruffansa na kansa don sautin th, Latin ba ta da su, don haka a kundin 1086 Thorpe yakan fito Torp. Wannan ciwo Bahaushe ya san shi, tun da alƙalamin baƙo ne ya mai da Sakkwato ta zama Sokoto, kuma shekaru da yawa ana buga sunayenmu babu ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Abin da Turawan Ingila suka yi wa sunayenmu, an riga an yi wa na kakanninsu. Nottingham a da Snotingeham ne, mazaunin jama'ar wani Snot. Haɗuwar s da n a farkon kalma ta yi wa masu Faransanci nauyi, a ƙarni na 12 s ta faɗi. Salisbury a 1086 Sarisberie ne, r ta farko ta rikiɗe ta koma l. Dunholm ta bi ta bakinsu ta fito Durham.

Wani sa'in da gangan suke yi. Kusa da Leicester akwai ƙauyen da a 1086 aka rubuta Merdegrave, kurmin wata 'yar dabbar daji mai kama da tunku. A kunnen mai Faransanci farkon sunan kashi yake nufi, sai aka cire shi aka sa bel, kyakkyawa, ƙauyen ya zama Belgrave. A Essex akwai Fulepet, ƙazamin rami, shi kuma aka mai da shi Beaumont, kyakkyawan tudu. Ban ga laifin mai son gidansa ya yi kyau ba. Amma sunan farko gaskiya yake faɗa a kan wurin, akwai dabbar, akwai ramin, na biyun kuwa ana iya manna shi a ko'ina. Garin neman gira aka rasa ido. Da kundin harajin bai riga masu gyaran ba, da babu mai sanin an taɓa yin wani suna a ƙarƙashi.

Inda suka kyauta shi ne wajen bambanta ƙauyuka masu suna ɗaya. Da rubutun shari'a da na haraji ya yawaita, dole a san wane Stoke ake nufi, sai aka riƙa liƙa sunan iyalin da ke riƙe da ƙasar: Stoke Mandeville, Stoke Poges. Ashby de la Zouch yana ɗauke da sunan bishiya, da by na mutanen Denmak, da sunan iyalin Zouche a bisa. Wani ƙauye a Buckinghamshire da aka rubuta Middeltone a 1086, gonar tsakiya, ya shiga hannun iyalin Cahaignes, ya zama Milton Keynes, kuma a 1967 aka ɗauki sunansa aka ba sabon birnin da aka gina a kewayensa. Malaman coci su ma sun shafa tasu farar ƙasar ta Latin. A Dorset akwai Toller Porcorum, Toller ta aladu, da maƙwabciyarta Toller Fratrum, Toller ta 'yan'uwa masu ibada.

Duk wannan aikin hannu ne. Akwai kuma aikin damina, wato bakin mutane, wanda ke cin kusurwar suna a hankali ba tare da kowa ya yi niyya ba. Ƙauyen masunta da aka rubuta Bristelmestune a 1086, mai biyan kifi 4,000 a matsayin galla, ya zama Brighthelmstone, baki ya ci gaba da lasarsa har ya koma Brighton. A wasu wuraren rubutu ya tsaya cik, furuci ya yi gaba abinsa. Happisburgh na Norfolk ana kiransa Heizbara, Wymondham kuma Windam. Wani lokaci ƙasar da ta zaizayo daga sama takan manne a ƙasa. Mutanen tsakiyar zamani sukan ce suna zaune atten oke, a gindin wata babbar bishiya, sai n ta ƙarshen kalmar farko ta tsallaka ta manne wa ta biyu, ƙauyen ya zama Noke a Oxfordshire. Haka aka sami ƙauyukan da ake kira Nash. Labarin Cambridge ya fi ban mamaki. Kogin sunansa Granta, garin kuma Grantebrycge, gadar Granta. A bakin masu Faransanci ya koma Cantebrigge, daga nan Cambridge. Da aka manta asali, mutane suka ce ai gadar Cam dole tana kan kogin Cam ne, sai aka sake wa kogin suna don ya dace da garin. Ƙauyen Grantchester da ke kusa ya riƙe tsohon sunan kogin, amma shi ma wutsiyarsa ta aro ce. A 1086 Granteseta ne, mazauna bakin Granta, daga baya aka yaɓa masa chester ya yi kama da garuruwan Rumawa.

A nan ne dokar masanan take nuna amfaninta, domin kama da wane ba ta wane. Sunaye biyu suna iya zama iri ɗaya sak a allo, a ciki kuwa tubalinsu daban. Northampton daga ham da tun yake, gonar gida. Southampton daga hamm yake, mai m biyu, ƙasar da ruwa ya kusa kewayewa. Wolverhampton kuwa Heantun ne, gona a bisa tudu, wadda wata mace mai suna Wulfrun ta samu daga hannun sarki a 985. Walton ya fi su duka nauyi. Akwai Walton da yawa a Ingila. West Walton na Norfolk daga kalmar ganuwa yake, saboda jingar da ke tare ruwan teku, kuma a 1086 Waltuna aka rubuta. Walton da ke bakin kogin Thames kuwa Waletona aka rubuta, da e a tsakiya. Wannan e ita ce shaidar cewa kalmar walh ce a jam'inta, sunan da Saksonawa ke kiran mutanen ƙasar na farko da shi, kalmar da take nufin baƙo, daga baya ta ɗauki ma'anar bawa, kuma daga ita sunan Wales ya fito. An daɗe ana gardama ko masu zuwan sun share mutanen farko gaba ɗaya ne. Kowane Waletona yana cewa a'a, ga ƙauyensu nan, sun zauna maƙwabtaka har aka san su da wurin. Harafi ɗaya ne da wani magatakarda ya rubuta shekaru fiye da 900 da suka wuce, shi ke riƙe da wannan shaida, kuma babu shi a allon yau.

Tattara irin waɗannan haruffa aiki ne na haƙuri. A 1923 aka kafa ƙungiyar nazarin sunayen wuraren Ingila, Allen Mawer da Frank Stenton na cikin jagororinta, ta fara da gundumar Buckinghamshire a 1925, tana bin gundumomi ɗaya bayan ɗaya. Ta wallafa gomman juzu'ai, kuma bayan shekara ɗari aikin yana ci gaba daga jami'ar Nottingham. Ƙamus ɗin da aka daɗe ana dogaro da shi, wanda ya fito a 1936, wani ɗan ƙasar Suwidin ne ya rubuta shi, Eilert Ekwall na jami'ar Lund. Kayan aikinsu takardun mallakar ƙasa ne, da na kotu, da na haraji, da rajistar coci, inda suna ɗaya kan fito da rubutu iri-iri, wani lokaci a shafi guda. Mai karatun yau zai kira wannan rashin ƙa'ida. A wurinsu arziki ne, domin kowane magatakarda ya rubuta abin da kunnensa ya ji ne, ya bar musu sawun furucin zamaninsa.

Siminti ya zo a ƙarni na 19. Hukumar safiyon ƙasa, Ordnance Survey, wadda aka kafa a 1791, ta aika ma'aikatanta ƙauye-ƙauye suna tambayar limamin coci da mai ƙasa da sauran manya yadda ake rubuta sunan, suna zaɓar guda su sa a taswira. Tashar jirgin ƙasa da gidan waya da makaranta suka ɗauki wannan gudan. Amfanin a bayyane yake, wasiƙa ta daina ɓata. Amma siminti ba ya barin bango ya sha iska. Da rubutu ya daskare, sai ya juyo ya fara yi wa baki mulki. Mutanen Daventry sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiran garinsu Deintiri. A 1925 BBC ta kafa tashar watsa shirye-shirye a can, masu sanarwa suka riƙa karanta sunan yadda yake a takarda, yau kusan kowa Dabantiri yake cewa. Cirencester da tsofaffi ke kira Sisita ita ma ta bi rubutu. A Dorset kunya ce ta yi aiki. Kogin sunansa Piddle, kalmar da a Turancin baya-bayan nan take nufin fitsari, sai Piddletown ya koma Puddletown. Ƙauyen Piddletrenthide da ke bakin kogin bai sake nasa ba, ya riƙe kogin, ya kuma riƙe ƙididdigar 1086 da ke cikin sunansa, wato awon gona 30, da lambar a Faransanci da ma'aunin a tsohon Turanci.

Ba na goyon bayan a kankare komai don a koma tubalin farko, ko a tilasta wa mutanen Nottingham su mai da s ɗinsu. Yaɓen Normandi da na baki duk sun zama jikin bangon. Abin da nake ƙi shi ne a bar guda ya haɗiye sauran. A arewacin Devon akwai ƙauyen da ya sami mafita. A rubuce sunansa Woolfardisworthy, shingen wani mutum mai suna Wulfheard, haruffa 16 da babu ɗan ƙauyen da ke furta su duka. A baki Wulzari ne, ana kuma rubuta wannan Woolsery. Mutanen wurin suna amfani da duka biyun, a allunan hanya ma ana ganin dogon tare da gajeren, mai neman asali ya karanta wancan, mai tambayar hanya ya faɗi wannan.